Murdo Mai Tsaron Ruwa

A ƙauyen Glenarrin, idan ka ga mutane suna zamewa ɗaya bayan ɗaya daga teburin da Murdo Gillespie yake zaune, to wani ne ya yi kuskure ya ambaci ruwa. Ba mafaɗaci ba ne, magana ma sai ta kama yake yi. Amma da an taɓo ruwa sai bakinsa ya buɗe, ya ɗauko ka tun daga kan duwatsun bayan gari, ya gangaro da kai cikin tafki, ya bi da kai ta cikin bututu har birni, shayinka kuwa ya huce a hannu. Ƙarshen zancen kullum ɗaya ne, wai duk duniya babu ruwan famfo irin namu. Mu ma dai mutanen Scotland haka muka yarda, kuma ba ma jin kunyar cika wa baƙo kunne da shi. Bambancin kawai, mu faɗi muke yi, shi kuwa rantsuwa yake yi, don da ƙafarsa ya yi gadin ruwan.

A gidan hukumar ruwa da ke bakin tafkin aka haife shi, ubansa ne mai kula da madatsar. Yana barin makaranta aka ba shi takalmin roba da sanda, aka ce ya bi layin bututun da ke kai ruwa birni. Aikin ke nan da ya tsufa a cikinsa. Ya buɗe ƙofofin ƙarfe ya leƙa, ya kwashe ganye daga magudana, ya janye mushen tunkiya idan ta faɗa rafi, ya ɗebi ruwa a 'yan kwalabe a kai wa masu gwaji. Ko ana tsuga ruwan sama ko ƙanƙara ta rufe hanya, sai ya fita. Idan ya tsaya kan tudu da yamma ya hango fitilun birni can nesa, sai ya ji a ransa duk mutanen nan baƙinsa ne, shi yake shayar da su ba su sani ba.

Matarsa Ishbel, mai dafa abinci a makarantar ƙauyen, ita kaɗai take iya katse shi. Takan ce, "Murdo, da ni famfo ce da na ga gata a gidan nan." Sai ya yi murmushi ya ja bakinsa. 'Ya ɗaya suka haifa, Rhona. Ba uba ne mai rungume yaro ko yi masa waƙa ba, irin renon da aka yi masa bai koya masa haka ba. Abin da ya iya shi ne idan zazzaɓi ya kama yarinyar, ya jiƙa tsumma da ruwan famfo mai sanyi, ya zauna bakin gado yana goge mata goshi da wuya da ƙirji, kamar yadda uwarsa ta yi masa. Duk ƙaunar da ya kasa faɗa da baki, a tsumman nan take fita.

Rhona ta girma ta koma birni, ta sami aiki a wani kantin magani, ta auri wani mutum mai aikin haƙar mai a teku. Suka haifi Ailsa, daga nan mutumin ya tafi aiki wata rana, ya dawo ƙasa amma bai dawo gida ba. Tsakanin Murdo da 'yarsa kuwa, Ishbel ce gada. Ita take kira, ita take jin labari, ita take miƙa masa wayar ya ce, "Ana ruwa a wajenku?" a ce ana yi, ya ce nan ma haka, ya mayar mata.

Bai daɗe da yin ritaya ba Ishbel ta rasu. Ciwon bai ba su lokacin shiri ba. Bayan mutane sun watse, aka cinye miyar da maƙwabta suka kawo, sai gidan ya yi masa girma. Da safe ya dama kunun hatsin ots da gishiri ya sha a tsaye, ya kunna rediyo ya bar ta tana surutu ita kaɗai, ya ɗauki sandarsa ya bi tsohuwar hanyarsa. Yanzu an sa sabon kwaɗo a ƙofar madatsar, waɗansu samari ne suke zuwa a mota, su duba na'ura su wuce. Suna gaishe shi da ladabi, amma babu wanda ya taɓa tambayarsa komai. Kaɗaici ya kama shi sosai, irin wanda mutum yake yini bai ji muryar kansa ba.

Ana haka, Ailsa tana 'yar shekara shida, aka gano tana da kansar jini. Rhona ta kira shi da kanta, muryarta a dushe.

"Baba, ba zan iya barin aiki gaba ɗaya ba. Za ka iya zama da ita da rana?"

"Wace bas ce ta fara tashi?" in ji shi.

Ya ajiye wayar, ya zauna, ya ji wani abu mai kama da murna yana motsi a ƙirjinsa, kunya ta rufe shi. Jikarsa tana kwance da mugun ciwo, shi kuma ga shi yana jin daɗin an neme shi. Amma gaskiya ce, tun rasuwar Ishbel babu wanda ya buƙace shi sai ranar.

Sabon asibiti ne a birnin, dogo, gilashi ta ko'ina, har yanzu yana ƙamshin fenti. Kowane yaro da ɗakinsa, da wurin wanke hannu, da shawa. An dasa wa Ailsa wata siririyar roba a ƙirji, ta nan ake zuba magani kai tsaye cikin jini, an rufe bakin wurin da filasta. Gashinta ya zube, amma bakinta bai mutu ba.

"Kaka, ni da kai yanzu kanmu ɗaya," ta ce ranar farko.

"Ke naki zai dawo, 'yar fitina. Nawa ya tafi ke nan, ko sallama bai yi ba."

"To me ka kawo mini?"

Kwalbar lemo mai kauri ya kawo, irin wanda ake sirkawa da ruwa. Ya zuba kaɗan a kofi, ya buɗe famfo, ya bar ruwan ya ɗan zuba, ya cika. Kafin ya miƙa mata sai da ya ɗaga kofin ya nuna mata.

"Kin san daga ina wannan ruwan ya taso? Daga tafkina. Ta ƙofar gidana ya wuce jiya, na ce masa ya gaishe ki."

A duniya ita ce mutum ta farko da ta saurari labarin bututun daga farko har ƙarshe, ta kuma ce a sake. Ta san sunan kowace ƙofar ƙarfe, ta san labarin tunkiyar da ya ciro da rai ta tunkuye shi. Har nas-nas take gaya wa cewa ruwan kakanta suke wanke hannu da shi, su yi godiya. Shi kuwa kullum da sassafe yana bakin titi da flas ɗinsa yana jiran bas, ya aske gemu, ya goge takalmi. Mutanen Glenarrin suka ce Murdo ya koma saurayi.

Wata safiya ya shiga ɗakin ya tarar an jere robobin ruwan sayarwa a kan tebur. Nas Moira, wata mai jiki da fara'a wadda suka saba tsokanar juna, tana gyara gado.

"Wannan fa? Biki za a yi?" ya tambaya.

"Daga yau shi za a riƙa sha, Malam Murdo. Har goge baki da shi."

"A ƙasar nan? Ruwan roba? Wa ya zo da wannan bidi'a?"

"Daga sama aka ce. Wai ana ɗan gyara a bututu, rigakafi ne kawai."

"Gyara? Moira, ni aka haifa a bakin ruwan nan. Wanda ke cikin robar nan Allah kaɗai ya san watannin da ya yi a sito yana shan rana."

"Ni dai 'yar saƙo ce, tsoho. Ka je sama ka yi musu wa'azin, amma ka ɗauki abincin rana, na san ba za ka sauko da wuri ba."

Ta fita tana dariya. Ba ta ɓoye masa komai ba, iyakar abin da aka gaya mata ke nan. Babu wanda ya ce akwai cuta a ruwan, babu wanda ya rufe famfo, yara suka ci gaba da wanka a shawa. Murdo ya ɗauka irin tsirfar manyan ofis ce, waɗanda ba su taɓa jiƙa takalmi ba. Ailsa ta kurɓi na robar ta yamutsa fuska ta ce ɗanɗanon leda yake yi, maganar da a bakinsa ta koya. Ya leƙa ƙofa, ya kashe mata ido, ya sirka mata lemonta a famfo kamar kullum. Abin ya zama sirrinsu, suna yi suna ƙunshe dariya.

Bayan wani zagayen magani mai ƙarfi, wata rana da azahar jikinta ya ɗau ɗumi, tana ta juyi tana ƙorafin zafi. Bai tsaya tunani ba, hannunsa ya riga shi. Ya ɗauki ƙaramin tawul, ya jiƙa a famfo, ya matse, ya goge mata goshi, ya sauko wuya, ya zagaya ƙirji a hankali yana kauce wa filastar. Wani ɗigo ya gangara ya shige ƙarƙashin gefenta inda ta ɗan ɗago. Ya dangwale shi da bakin tawul ɗin, ya ci gaba. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya ta yi barci tana riƙe da hannun rigarsa, shi kuma ya zauna bai motsa ba har hannun ya sage.

Ba a rufa mako ba, ana gama zuba mata magani ta robar sai ta kama rawar sanyi, haƙora suna haɗuwa, leɓɓanta suka canja launi. Kafin ya gane abin da ake ciki ɗakin ya cika da mutane, an ture shi waje, an gungura gadon zuwa ɗakin masu tsananin ciwo. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce ta shiga jininta, irin wadda take zama cikin ruwa da magudana. Ga mai lafiya ba komai ba ce, amma ga yaron da magani ya karya wa garkuwar jiki, tana iya kisa. Kuma ba Ailsa kaɗai ba ce. A ɗakunan da ke jere da nata an sami waɗansu yaran, ɗaya ma iyayensa sun riga sun tafi gida ba tare da shi ba. Sai a lokacin aka tara iyaye aka gaya musu an sami ƙwayoyin a bakunan famfo da kawunan shawa, aka ɗaura abin tace ruwa a kowane famfo, aka fara kwashe yaran zuwa wani sashe.

Babu wanda ya tuhumi Murdo. Shi ya je da ƙafarsa ya sami Rhona a baranda, tana tsaye da kofin shayin da ba ta sha ba, ya gaya mata komai, lemon da tawul ɗin da ɗigon. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, kuma bai iya zaɓar lokaci ba.

Ta ajiye kofin.

"An ce kada a ba ta. An kawo na roba an ajiye a gabanka."

"Ba su faɗi ainihin dalili ba, Rhona. Da sun ce..."

"Da sun ce me? Da za ka saurara? Wa ka taɓa saurara a kan ruwa? Mama ta yi ta fama har ta mutu. Kai da ruwanka! Ita kaɗai gare ni, Baba. Ita kaɗai."



"Tafi gida," ta ce. "Don Allah tafi gida. Idan da wani abu zan sanar da kai."

Ya tafi. A bas ɗin nan, yana kallon ruwan sama yana bin gilashi, abin da ya daɗe da sani ya dawo masa. Ruwan tafki mai tsabta ne, har gobe ma haka yake, kuma da tsabtarsa yake isa jikin bangon asibitin. Amma bayan bangon akwai tankuna, da bututu masu tsawo da lanƙwasa, da rassan da aka toshe ba su zuwa ko'ina, da ɗakunan da ba a buɗe famfonsu, ga ɗumin gini. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa mutane cewa ruwan da ya kwanta lalacewa yake yi. Ranar da ya ga robobin nan ya kamata ya tambayi kansa abin da ke cikin bangon, amma bai ga bango ba, tafkinsa ya gani, kuma ya ji kamar shi aka zaga.

Lokacin sanyin shekarar nan ya yi masa tsawo. Saƙon Rhona yakan shigo a waya jefi-jefi, kalma biyu ko uku. Tana nan. An cire robar. Ta farka. Idan ya kira ba ta ɗauka. Maƙwabcinsa Fergus, tsohon direban motar wasiƙu, ya shigo wata rana da gwangwanin biskit ya zauna ba a ba shi kujera ba.

"Kai, Murdo, ka bar cin kanka. A rediyo na ji, yaran nan kullum a shawar ake yi musu wanka. Sauran da suka kamu, su ma kakansu ne ya goge su da tawul?"

"Ban san na sauran ba."

"To ka gani. Ko likitocin ba su san ta inda ta shiga ba."

"Su ba su sani ba. Ni na ga ɗigon."

Fergus ya yi ta kawo zance, har da gangan ya ce ruwan Ingila ya fi namu daɗi, ko tsohon zai harzuƙa. Murdo ya ce mai yiwuwa ne. Fergus ya fita jikinsa a sanyaye, ya gaya wa mutane a mashaya cewa abin ya wuce yadda suke zato.

Wani lokaci yakan shiga bas ɗin safen kamar da, ya sauka a asibitin, amma ba ya shiga. Sai ya zauna a rumfar jiran mota da ke fuskantar ginin, flas a cinya, yana bin tagogi da ido. Bai ma san sashen da aka mayar da ita ba. Yakan zaɓi taga ɗaya ya ce ita ce, ya zauna da ita har sanyi ya shiga ƙashinsa, sannan ya bi bas ɗin yamma ya koma. Abu ɗaya yake so a duniya, a bar shi ya sake zama a bakin gadon nan, ko da ba za a yi masa magana ba.

Ailsa ta rayu. Cutar ta ja maganin kansar baya, ta rame ta zama kamar tsinke, amma ta tashi. Rhona kuwa ta ce ba za ta ƙara kwana da 'yarta a ginin nan ba. Ta nemi a mayar da jinyar wani asibiti a Ingila, kusa da wata ƙawarta da za ta ba su ɗaki, aka amince. Ganye ya fara tohowa lokacin da wayar Murdo ta yi ƙara, ya ga sunanta.

"Baba."

"Na'am."

"Ranar Asabar za mu tafi. Kullum sai ta tambaye ka, na gaji da ce mata bas ta lalace." Sai ta ƙara da cewa, "Ni ma kullum da safe ni nake yi mata wanka a shawar nan kafin in tafi aiki. Ban san abin da zan ce maka ba. Ka dai zo."

Ya yanke farce har sai da ya taɓa nama. Ya wanke rigarsa ta coci ya goge. Ranar Asabar ya dirje hannuwansa da sabulu da buroshi har suka yi ja, ya sa safar hannu don kada ya taɓa ƙarfen bas, ya isa unguwar tun kafin lokaci ya yi ta zagaya layin.

An cika motar da kaya a ƙofar gida. Ailsa tana zaune a kujerar baya, ƙofa a buɗe, an lulluɓe ta da bargo, da hular ulu a kai da takunkumi a saƙale a haɓa. Tana hango shi ta yi ƙara.

"Kaka! Ina ka shiga? An gyara bas ɗin?"

Ta ture bargon ta miƙo hannu biyu. Wuyan rigarta ya zame, ya ga farar filasta a ɗaya gefen ƙirjin, inda aka dasa sabuwar roba.

Murdo ya tsaya cak a bakin titi. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Watanni ya yi yana roƙon wannan lokacin, ga shi an ba shi, amma ƙafarsa ta ƙi ɗagawa. Ya dubi hannuwansa, jajaye, masu tsabta, ya rasa ta yadda zai yarda da su. Ranar tawul ɗin ma ai da tsabtarsu, shi kuma da tabbacinsa. Sai ya tura su cikin aljihu.

"Mura nake yi, 'yar fitina," ya ce. "Kada in shafa miki."

Yaran da suka daɗe a asibiti ba a yi musu bayanin mura sau biyu. Ailsa ta sauke hannuwanta, ta ja takunkumin ta rufe hanci da baki da kanta, ta gyaɗa kai kamar babbar mace.

"To tsaya daga nan, Kaka. Kada ka matso. Ka sha magani."

"Zan sha."

Rhona ta zagayo daga bayan motar, ta tsaya kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ba ka da wata mura."

"Ba a sani ba," ya ce.

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta ɗaga hannu kamar za ta kama kafaɗarsa, sai ta gyara masa wuyan riga kawai. Ta rufe ƙofar baya, ta shiga, ta tayar da mota. Ailsa ta manna tafin hannunta a gilashi tana faɗin wani abu da bai ji ba.

Sai da motar ta sha kwana ya fito da hannu ɗaya ya ɗaga.